Daga Shagon Cajin Batir Zuwa Bas Mai Lantarki: Waiwayen Ɗan Itas

Duk wanda aka haifa a Itas ko Gadau a shekarun 1970, Allah kuma Ya ja kwanansa zuwa yau, ya ga zamunan sufuri iri-iri sun zo sun shige a gabansa. Mun tarar da jaki da amalanke da kwalekwale. Mun hau gingimari mai bodin katako, mun hau akori-kura, mun hau kiya-kiya. A kan idonmu acaɓa ta shigo ta cika gari, a kan idonmu kuma keke mai ƙafa uku ya zo ya raba fasinja da ita. Yanzu ga shi ana ta maganar bas mai aiki da lantarki, wadda ba ta shan fetur, ba ta shan gas, ba ta da salansa balle ta yi hayaƙi. Ina cikin masu murna da wannan labari, kuma ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da irin wannan mota za ta yi lodi a tashar Azare. Sai dai ƙuruciyata ta koya mini wani abu da nake ganin ya zama wajibi in faɗa tun kafin motocin su iso: ran mota yana wurin da take kwana, wurin da ake ciyar da ita a kuma duba lafiyarta. Idan wurin nan ya mutu, motar ma ta mutu, komai kyan fentinta.

Ƙanen mahaifiyata direba ne. Yana da fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, yana jigila da ita tsakanin Itas da Azare, ranakun kasuwa kuma ya zagaya ƙauyuka irin su Majiya da Mashema. In an ba mu hutun makaranta, ni ne yaron motarsa. Aikina yakan fara tun kafin assalatu. In duba ruwan lagireto, in zaro sandar baƙin mai in nuna masa a hasken tocila, in ɗaure buhunan gero da na wake da igiya, sannan in ɗare baya da waigi a hannu, duk inda muka tsaya in dira in sa wa taya. A tasha 'yan kamasho na ta kiran "Azare! Azare!", mata na miƙo ƙwaryar nono da kwandon tattasai, tsofaffi na zaune a kan buhu da carbi a hannu. Da damina, in Kogin Jama'are ya cika ya malale fadamu, hanya takan zama taɓo, mota ta kafe, kowa ya sauko ya naɗe wando a tura. Ba wanda ke ƙorafi, domin wannan mota ita ce kasuwa, ita ce asibiti, ita ce zumunci.

A wancan zamani akwai wani wuri a Azare da na fi zuwa fiye da ko'ina, shi ne shagon wani dattijo mai cajin batir, can bayan tasha. Ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano. Da ka shiga, wani wari mai yaji zai doki hancinka. Katakon da aka jera batira a kai duk ruwan batir ya cinye shi, haka ma wandon dattijon, duk ƙananan huji. Wayoyi ja da baƙi sun sauko daga wani akwatin ƙarfe mai allura, kowace waya da ɗan bakinta mai cizo. In ka kawo batir, sai ya kwance murafen nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya ƙara ruwa inda ya ja baya, ya ɗauko wata kwalba mai roba a kai ya zuƙo ruwan ya ɗaga ta saitin haske yana duban yadda abin cikinta ke yawo. Daga nan zai gaya maka ko batirin zai tashi ko kuwa ya gama aiki. Sai ya sa alli ya yi masa alamar mai shi, ya maƙala masa waya, ya ce ka dawo gobe.

Ba direbobi kaɗai ke kawo masa ba. Daga ƙauyuka ake ɗauro batira a bayan keke: na mai rediyo mai kaset, na mai talabijin baƙi-da-fari da yara ke taruwa kallo a ƙofar gidansa, na lasifikar masallaci. Ranar da aka ɗauke wuta kuwa, komai ya tsaya cak. Na sha zuwa in tarar da shi zaune a kan benci ya haɗa tagumi, allurar nan ta kwanta, ya dube ni ya ce, "Yaro, ka ce wa kawunka ya yi haƙuri, tun shekaranjiya ba su kawo ba." In aka jera kwanaki babu wuta, batira sukan taru har bakin ƙofa. Mu koma tura mota kowace safiya, ladan a ƙauye ya koma kiran salla da muryarsa, ƙofar gidan mai talabijin ta yi tsit. Wata rana wani fasinja ya tambaye shi me ya sa ba za a yi batirin da ba ya ƙarewa ba. Dattijon ya ce, "Ɗana, batir ba ya haihuwar wuta, ajiya kawai yake yi. Abin da ka zuba, shi za ka ɗiba." Ban taɓa jin wani injiniya ya yi bayanin da ya fi wannan ba.

Batir dai tayar da mota kawai yake yi a lokacin. Abincinta na gaskiya fetur ne, kuma fetur ɗan nesa ne. A Itas ba a haƙo shi, ba a tace shi. Daga kudu yake tasowa, ko daga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, ya biyo bututu zuwa manyan ma'ajiyoyi irin na Kano da Jos da Gombe, tanka ta ɗauko shi ta kawo gidajen mai na Azare, mu kuma mu cika jarka mu kai gida, domin kawu ba ya yarda ya kwana babu ajiya. Sa'ad da na fara bin mota, lita ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 aka mai da ita kwabo 39 da rabi, a 1991 ta zama kwabo 70. Kowane ƙari, sai an yi kwanaki ana cacar baki a tasha tsakanin direba da fasinja kafin sabon kuɗin mota ya zauna.

Shekarar 1994 ce ba zan manta ba. Ma'aikatan mai sun shiga yajin aiki na makonni a kan rikicin zaɓen 12 ga Yuni, mai ya ɓace daga ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare, lita ta koma naira 11, kuma ko a haka samunsa sai mai rabo. Mun kwana a layin gidan mai, ni a bayan mota a kan tabarma, kawu a gaban sitiyari ya jingina kai da ƙofa, sauro na cizo, ana jiran tankar da aka ce ta taso. A bakin titi 'yan bumburutu sun jera galan-galan, farashi ninki ba ninki, wani ma an gauraya shi da kalanzir, ka zuba mota ta riƙa tari tana hayaƙi. Na iya zuƙo mai da tiyo daga jarka zuwa tanki, ɗacinsa ya wuni a bakina. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wata ranar kasuwa da muka kasa fita. Manoman fadama sun kawo tumatir kwando-kwando bakin tasha tun da asuba, masunta sun kawo kifi. Har azahar ba motar da ta motsa. Da la'asar na ga wani magidanci yana tsince tumatirin da ya fashe yana zubarwa, bai ce wa kowa uffan ba. Motocin garin duk lafiyarsu ƙalau, direbobi na zaune, fasinja na jira, abu ɗaya ne babu.

Akwai kuma wani darasi da na koya a waɗannan shekaru. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a don rage raɗaɗin tsadar rayuwa da ta biyo bayan karya darajar naira a 1986. Jihohi suka samu sababbin bas-bas, aka yi musu fenti, aka rubuta sunaye a jikinsu. Sun taimaki talaka ƙwarai, ba mai musun wannan. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa sun yi tafiya da rahusa, kuma cikin mutunci, kowa da kujerarsa. Amma bayan wasu shekaru, da na je karatu birni, na bi ta wani babban gareji na ga irin waɗannan motoci a jere a kan duwatsu, babu tayu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Wani bakanike da ke wurin ya nuna mini ɗaya ya ce abin da ya kwantar da ita bai fi girman tafin hannu ba, amma daga waje ake kawo shi, naira kuma ta faɗi. Da aka rasa, sai aka cire na wata aka sa wa wata, aka yi ta yi har duk suka kwanta. Fijon kawu kuwa, da ta girme su, tana nan tana aiki, domin kowane bakanike daga Azare har Jama'are ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa.

Daga baya zamani ya juya. Babura masu araha daga ƙasar Sin suka cika kasuwa, samari suka kama acaɓa, aka daina jiran mota ta cika kafin a je ƙauye. Keke mai ƙafa uku ya biyo baya a farkon shekarun 2000. Wayar salula ta shigo a 2001, ta haifar da sabuwar sana'a, wato cajin waya: rumfa, ɗan janareta, katako mai ramukan soket jere, kowace waya da lambarta a manne. Duk lokacin da na ga irin wannan rumfa, dattijon nan na Azare nake tunawa. Fetur kuma bai daina hawa ba: naira 97 a 2012, naira 145 a 2016. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta kai wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Na ga malamin makaranta ya jingine babur ya koma keke. Na ga mai jinya ya fasa komawa asibiti ranar da likita ya sa masa, saboda kuɗin mota.

A cikin wannan tsanani ne wani abu ya faru a ƙasarmu ba tare da an yi bikin ƙaddamarwa ba. Mai cajin waya ya ajiye janareta ya ɗora farantin sola a kan rumfarsa. Manomin rani a bakin kogi ya fara musanya injin ban-ruwa mai shan fetur da mai aiki da hasken rana. Rijiyoyin burtsatse da masallatai da shagunan sayar da ruwan sanyi suka bi sahu. Samarinmu suka koyi haɗa faranti da batir da inbata, wasu a wurin iyayen gida a Kano, wasu ta kallon bidiyo a waya. A karo na farko a tarihinmu, ƙarfin da ke juya inji ya zama abin da ke sauka a kan rufin ɗakinmu kowace safiya, ba sai tanka ta kawo ba. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar mota mai lantarki da muhimmanci.

Kuma ba a nesa abin yake ba. A Afrilun 2021 aka buɗe wurin cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir da injin lantarki, har suka riƙa ɗaukar fasinja a cikin gari. A Disambar 2023 Shugaba Tinubu ya je Maidugurin ya ƙaddamar da motoci 107 da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta tanada, 50 daga ciki tasi ne masu lantarki, sauran bas-bas masu amfani da iskar gas. A Legas ma an fara gwajin manyan bas masu lantarki a 2023. Sannan a 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sayo bas-bas da kekuna masu lantarki tare da gina wuraren caji ga jihohin arewa maso gabas, ta hannun hukumar raya yankin. Bauchi na cikin jihohin nan shida. Ke nan maganar ta iso ƙofar gidanmu.

A waje kuwa an yi nisa. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala mai da dukkan bas-bas ɗinsa masu lantarki a ƙarshen 2017, sama da guda 16,000. Nan kusa da mu, Dakar babban birnin Senegal ya fara aiki da nasa a 2024: hanya ta musamman mai tsawon kilomita 18, tashoshi 23, manyan motoci 121, duka na lantarki. Mai kallon hoto motocin yake gani. Wanda ya taɓa bin mota kuwa, abin da zai fara tambaya shi ne ina suke kwana, wa ke ba su wuta, wa ke gyara su. A waɗannan birane, babban aikin a can aka yi shi: fili mai faɗi, layin wuta na musamman, manyan taransifomomi, na'urorin caji a jere, ma'aikata da aka horar, da jadawalin da ke nuna wace mota za ta sha wuta a wane lokaci.

Bari mu yi lissafin da harshen da muka sani, wato yunit ɗin da muke saye a mita. Babbar bas mai tsawon mita 12 takan ɗauki batir mai cin wajen yunit 300, wanda zai kai ta kilomita 200 zuwa 300, gwargwadon kaya da yanayin hanya da ko an kunna na'urar sanyaya ciki. Gidan da ke da fanka da ƙwayaye da talabijin da ƙaramin firji zai iya yin kusan wata biyu a kan abin da bas ɗaya za ta sha a dare ɗaya. Na'urar caji mai ƙarfin kilowat 100 za ta cika ta cikin kamar awa uku. In ka jona bas 20 a lokaci guda, kana neman megawat 2 ke nan, wato ƙarfin manyan taransifomomin unguwa aƙalla huɗu. Shi ya sa masu wannan aiki ba sa jona su gaba ɗaya. Raba su suke yi rukuni-rukuni a tsawon dare, wadda za ta fara fita da asuba ita ake fara ba wa.

To, wutar fa daga ina? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da galibi bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, mu kuma a ƙarshen layi muke. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce a lokacin garinmu ya dogara da bas masu lantarki da ke jiran wutar gwamnati kaɗai, da mun maimaita ranar tumatirin nan ta 1994, motoci lafiya lau, fasinja na jira. Maganar dattijon nan ba ta tsufa ba: abin da ka zuba shi za ka ɗiba. In kuwa aka ce za a riƙa caja su da janareta mai shan gas, an koma gidan jiya, har da ƙarin asara.

Rana ce gatanmu, amma ita ma tana da sharuɗɗanta. Farantin sola mai ƙarfin wat 500 yakan ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a wuni a irin yankinmu. Cika babbar bas ɗaya a kullum na neman farantai fiye da 120. Sannan rana da rana take fitowa, daidai lokacin da mota ke kan hanya. Dole ɗaya daga cikin uku: ko a tanadi manyan batira a gareji su tara wutar rana su juye wa motoci da dare, ko a tsara aiki yadda wasu motocin za su huta su sha wuta tsakanin hantsi da la'asar lokacin da fasinja ya yi ƙasa, ko kuwa a yi amfani da ƙananan motoci da kekuna da ake cire musu batir a sa wani cikakke nan take. Ƙurar hunturu kuma tana rufe faranti ta rage masa ƙarfi, sai an sa mai wankewa. Zafin bazara, da yakan haura digiri 40 a ƙasar Katagum, yana tsufar da batir da wuri, don haka wurin caji na bukatar inuwa da iska. Ambaliyar Agustan 2024 da ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankinmu ta isa ta tuna mana cewa a kan tudu za a kafa irin wannan wuri.

Duk da waɗannan sharuɗɗa, ribar tana da yawa, kuma wanda ya yi wahalar tsohuwar mota shi ya fi sanin darajarta. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta da za ta toshe a tsakiyar daji, babu kuloci. Birki ma yakan daɗe, domin injin da kansa yana rage gudu yana mai da wuta cikin batir. Abin da ake kashewa a kowace kilomita bai kai na fetur ba. Inda kuɗin ya taru shi ne wurin saye, da kuma ranar da batir zai gaji, galibi bayan shekara takwas zuwa goma. Batirin nan shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Duk hukumar da ba ta fara ware kuɗin sabon batir daga cinikin ranar farko ba, ta shirya ganin motocinta a kan duwatsu.

A ganina ƙasar Katagum ta dace da wannan gwaji fiye da wurare da dama. Tafiye-tafiyenmu na kullum gajeru ne: tsakanin Azare da Gadau, da Itas, da Jama'are, da Shira. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawan dutse da ke cinye batir. Fasinja kuma tabbatacce ne. Tun da aka buɗe jami'ar jiha a Gadau a 2011, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, ɗalibai da ma'aikata ke kai-komo kowace rana. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya, ga babban asibitin da marasa lafiya ke zuwa daga kowane lungu na masarautar. Fili ba ya yi mana wuya. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu da kansu. Ba sai mun fara da manyan bas irin na Dakar ba. Ƙananan bas masu kujera 12 zuwa 18 da kekuna, babban wurin caji ɗaya a Azare, ƙanana a Gadau da Itas, sun isa a fara a ga yadda abin zai kasance.

Sai maganar mutane, wadda ita ce ta fi damuna. Na san bakanike, na san mai gyaran wayar mota, na san ɗan kamasho, na san yaron da ke sayar da mai a galan yana ciyar da mahaifiyarsa. Wasu daga cikin waɗannan sana'o'i za su ragu, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Hakkinsu ne a fara da su. Masu gyaran wayar mota da samarin da suka ƙware a haɗa sola su ne ya kamata a tura horo tun kafin mota ta iso, domin batirin bas yana ɗauke da wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, wadda ke kashe mutum nan take, ba irin na fijon kawu ba ne da ake taɓawa da hannu. A sa ƙungiyar direbobi a cikin shawara, su suka san lokacin da fasinja ke fita da inda hanya ke cin taya. A rubuta a yarjejeniyar saye cewa mai sayarwa zai ajiye kayan gyara a nan kusa, kuma zai koya wa yaranmu aikin. A koya wa 'yan kwana-kwana yadda ake tunkarar gobarar batir, don ba irin ta fetur ba ce.

Kawu ya rasu bai ga wannan zamani ba, Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan dattijon nan mai shago da sauran magabatanmu da suka yi hidimar jama'a a kan hanyoyin nan. Mu da muka rage, mun ga abin da rashin mai ya yi, mun ga abin da rashin wuta ya yi, mun ga abin da rashin kayan gyara ya yi. Ba mu da uzurin maimaitawa.

Kirana ga gwamnatin jiha, da shugabannin ƙananan hukumomin masarautar Katagum, da 'yan majalisarmu, da attajiranmu shi ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayo mota ko ɗaya, a nemi fili, a kafa farantai, a ja layin wuta, a horar da yara, a ware kuɗin batir. Ku kuma matasan Itas da Gadau da Azare, kada ku jira sai an kawo muku baƙi su yi aikin. Ku shiga koyon lantarki da sola tun yanzu. Ranar da aka zo muku da labarin sababbin motoci, ku yi maraba da su, sannan ku nemi a kai ku ku ga wurin da za a riƙa caja su.